Allurar da babu wata bayanta

Akwai wata takarda a ƙasan adakata, tsakanin katin rigakafin yara da takardar shaidar kammala kwalejina. Ta soma yagewa a wurin ninki saboda yawan buɗawa. Sakamakon gwaji ne daga wani babban asibiti a Kano. An jero sunayen magunguna tun daga sama, a gaban kowanne an rubuta harafin R, sai guda ɗaya can ƙasa da aka sa wa S. Sunansa colistin. Da ikon Allah shi ne sanadin da ya sa nake zaune yau ina wannan rubutu, kuma a kansa ne maigidana, Malam, ya rabu da san huɗarsa.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye gabas da Wudil. 'Ya'yana bakwai. Bayan koyarwa ina ɗan kiwon kajin turawa a bayan ɗakina, hamsin ko sittin, in sayar gab da Sallah. Da yake a unguwarmu ni ce wadda ta yi boko, mata sun mayar da ni rabin likita, ni ma kuma na karɓi matsayin hannu bibbiyu. Ina da wani gwangwanin madara a kan kanta, cike da ragowar magunguna: Septrin na tari, Flagyl da ja da yalo na gudawa, Ampiclox na jego da na jarirai, cipro na taifot da ciwon sanyi. Ba likita ne ya rubuta min ko ɗaya ba. Kemis za ka je ka ce a ba ka na ɗari biyu, ya sa almakashi ya yanko maka huɗu daga jikin kati. Ka sha yau, ka sha gobe, jiki ya yi sauƙi, ka jefa sauran a gwangwani don gaba. Haka na yi wa kaina fiye da shekara goma sha biyar, haka na yi wa 'ya'yana, haka na yi wa duk wadda ta yi sallama ta ce yaronta ba ya jin daɗi. A raina taimako nake yi.

Haihuwata ta bakwai ta zo a farkon Fabrairun 2023, daidai lokacin da aka canja fasalin naira, kuɗi suka ɓace daga hannun mutane. Shida na haifa a ɗakina lafiya lau, don haka da naƙuda ta kama ni da la'asar ban ce a kai ni ko'ina ba. Har asuba shiru. Ashe yarinyar a gicciye take. Motar maƙwabci aka roƙa aka kai ni asibiti, aka yi min aiki, aka ciro ta da ranta. Kwana biyar aka sallame mu.

Ranar suna zazzaɓi ya fara. Na ɓoye, don gida cike yake da baƙi, kuma mace mai haihuwa ta bakwai ba ta son a ce ta yi raki. Na buɗe gwangwanina na sha abin da na saba sha. A kwana na tara na farka cikin dare na ji zanena ya manne a marata. Da abokiyar zamana ta haska fitilar waya, sai muka ga ɗinkin ya buɗe daga gefe ɗaya, wani ruwa mai kauri kalar kunun gyaɗa yana tsiyaya, ga wari irin wanda ban taɓa ji a jikin mai rai ba. Ta toshe bakinta da gefen mayafi, ta ce, "Yaya, wannan ba na gida ba ne." Na ce ta bari gari ya waye. Da garin ya waye ma mai kemis muka kira, ya riƙa zuwa yana yi min allurar ceftriaxone har kwana biyar. Kullum jiya i yau. Muka koma asibiti, suka canja magani sau biyu, daga ƙarshe likitan ya kira Malam gefe ya ce a wuce da ni Kano.

Kwanakin farko a Kano ba na iya tuna su a jere. Ina tuna rawar ɗari da ke girgiza gadon ƙarfe har Inna ta kwanta a kaina ta danne ni, ga kuwa zafin da ake yi. Ina tuna ina kiran sunayen ɗalibaina kamar ina kiran rajista. An ɗebi jinina da mugunyar ciwon aka kai ɗakin gwaji, aka ce sai an shuka ƙwayar cutar ta tsiro kafin a san ko wace ce, kuma abin yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Kafin nan aka ɗora ni a kan meropenem, wata allura mai tsada wadda nas ta ce tana cikin manya. Kwana uku ana yi, zazzaɓin ko gezau.

Likitar da ta kawo sakamakon yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanena ba, amma tana da natsuwar manya. Ta jawo kujera ta zauna dab da gadona, ta sa aka kira Malam da Inna da ƙanena. Ta ce, "Malama, tunda ke malama ce, bari in yi miki bayani yadda yake."

Ta ce sunan ƙwayar Klebsiella. Tana zaune a hanjin mutane da yawa ba ta yi musu komai, tana kuma yawo a asibitoci, a hannuwa da ƙarafan gado da robobi. In ta sami ƙofa, kamar wurin da aka yanka, sai ta shiga, daga nan ta faɗa jini. Ta ɗora yatsa a kan takardar tana saukowa. R ɗin nan, in ji ta, yana nufin ƙwayar ta bijire wa wannan magani. Ceftriaxone, R. Ciprofloxacin, R. Gentamicin, R. Meropenem ɗin da muka zuba wa kuɗi, shi ma R, domin irin wannan ƙwayar tana fitar da wani sinadari da ke datse maganin kafin ya taɓa ta.

Malam ya ce, "Likita, to me ya sa ta fi ƙarfin magani?"

Ta ce, "Baba, kai manomi ne. In ka tsinka maganin feshi da ruwa don ya isa gona, me kake gani?"

Ya ce, "Ƙananan ƙwari su mutu, masu taurin rai su tashi."

Ta ce, "To su ne za su hayayyafa. Baɗi in ka fesa, 'ya'yan masu taurin ran za ka tarar. Haka ƙwayar cuta take da rabin magani, da kuma maganin da aka sha ba a bukatarsa. Har ma suna ba wa junansu wannan taurin, kamar yadda maƙwabta ke ba juna iri."

Tana wannan magana idona yana kan silin, amma gwangwanin madarar nan nake gani. Ba ta san da shi ba. Ba ta kuma ɗora min laifi ba, ko daga baya da na gaya mata. Cewa ta yi abin ya fi ƙarfin gida ɗaya, na gari ne gaba ɗaya, da kemis da asibiti da wurin kiwo. Amma ni na san hannuna yana ciki.

Sai ta zo kan S ɗin, wato maganin da ƙwayar ba ta bijire wa ba. Ta ce colistin tsohon magani ne, an gano shi a Japan a ƙarshen shekarun 1940, aka fara yi wa mutane amfani da shi a 1959. Yana fasa fatar da ke lulluɓe da ƙwayar cutar, kamar yadda sabulu ke wargaza maiƙo. Amma yana taɓa ƙoda, yana taɓa jijiyoyi, shi ya sa da aka sami waɗanda suka fi shi sauƙi a jiki, a shekarun 1970 zuwa 1980, likitoci suka jingine shi. Da sababbin suka fara gazawa ne aka koma aka kakkaɓe shi. Ta ce, "Ana cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Mu kam karen bana ya gaji, tsohon muka koma muka kwanto. Za mu ba ki shi muna tsaron ƙodarki. In bai yi ba, a nan ba ni da wani da zan ɗauko bayansa."

Inna ta ce, "Akwai Allah, 'yar nan."

Likitar ta ce, "Akwai Allah, Inna."

Samun maganin kansa wani yaƙi ne. Babu shi a kantin maganin asibitin. Ƙanena ya shiga adaidaita sahu tun hantsi yana bin manyan shagunan magani ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ba su taɓa ajiye shi ba. Sai bayan isha'i ya dawo da na kwana uku, sauran aka ce sai an aiko daga Legas. Kuɗin da aka faɗa kuwa, albashina na watanni bai kai ba.

Malam yana da shanun huɗa biyu, fari da ja, waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Ranar Juma'a ya ja jan zuwa karar Wudil. Ya ba ni labari daga baya cewa farin ya bi su har bakin ƙofa yana kuka, sai da yara suka riƙe igiyarsa. A kara babu tsabar kuɗi a hannun kowa, masu saye sun san wanda ya zo a matse, suka yi masa tayin wulaƙanci. Ya sallama. Shi ba shi da asusun banki, sai aka tura kuɗin asusun ƙanena, na'ura kuma ta riƙe su. Malam ya kwana a Wudil a rumfar dillali, ba sa ba kuɗi, sai washegari da hantsi saƙon shigarsu ya zo. Mutumin nan bai taɓa yi min gorin wannan sa ba, ko da wasa.

Daren da za a fara, nas ta ce wa abokiyar aikinta kashin farko miliyan 9 ne. Inna ta ji, ta ɗauka kuɗi ake nufi, ta dafe ƙirji ta fara salati tana hawaye, tana cewa ko gonar gado aka sayar ba za a haɗa ba. Sai da nas ɗin ta durƙusa ta riƙe hannunta ta ce ma'aunin ƙarfin maganin ne, haka ake ƙirga shi. Garin magani ne fari a 'yar ƙaramar kwalba, a narka shi, a zuba a ledar ƙarin ruwa, ya riƙa ɗiga a hankali. Na kafa wa ɗigon nan ido ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Daga nan safe da dare ake sa min. A kwana na biyu aka sake shiga da ni ɗakin tiyata aka buɗe ciwon aka wanke, don likitar ta ce ko wane irin magani ne ba ya iya wa mugunyar da ta taru wuri ɗaya, sai an fitar da ita.

A kwana na uku leɓɓana suka fara wani irin yi, kamar kiyashi na yawo a kansu. Harshena ya yi nauyi, 'yan yatsuna suka yi dindiris, in na taɓa kofi kamar ta cikin tsumma nake taɓa shi. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka shanyewar jiki ce. Aka ce aikin maganin ne, amma in na ji numfashi yana yi min wuya in yi magana nan take.

A kwana na huɗu da asuba na farka jiƙe sharkaf da gumi, na ji yunwa. Rabona da jin yunwa tun ranar suna. Na ce, "Inna, akwai koko?" Ta dube ni, ta sa bayan hannunta a goshina, ta sake sawa, sai kawai ta juya ta fuskanci gabas ta yi sujada a kan simintin ɗakin.

Saura ƙoda. An sa min robar fitsari, jakar tana rataye a gefen gado, jikinta da layi-layi na awo. Inna ba ta yi boko ba, amma cikin kwana biyu ta gane layukan nan sarai. Ta kan tashi tsakar dare ta haska, ta ce, "Yau bai kai na jiya ba." Kusan kullum sai an ɗebi jini a duba wani abu da suke kira kiriyatinin, wanda in ya hau, alama ce ƙoda ta fara gajiya. A kwana na shida ya hau. Fitsarin ya ragu, ƙafafuna suka ɗan tasa. Na ji ana ambaton wankin ƙoda a bakin ƙofa, gabana ya faɗi, don na san gidaje a ƙasarmu da wankin ƙoda ya cinye su tas. Likitoci suka sake lissafin maganin, suka daidaita ruwan da ake ƙara min, suka hana ni duk wani maganin ciwon jiki irin su diclofenac. Inna ta zo da wani jiƙo daga gida a jarka, likitar ta roƙe ta da girman Allah ta ajiye shi. Ta ce, "Inna, addu'a dai ki yi ta yi, amma ƙodar nan kayan da ke kanta sun ishe ta." Inna ta zubar da shi da hannunta. Bayan kwana uku lambar ta tsaya, sannan ta fara sauka. Kwana goma sha huɗu cif na yi ina karɓar allurar.

Akwai wata yarinya a gadon da ke kallon nawa, haihuwar fari, ba ta fi shekara goma sha takwas ba. An kawo ta bayana da kwana biyar, ita ma daga ƙauye, ita ma ciwon aiki. Takardarta ta fito irin tawa. Mijinta ɗan ga-ruwa ne, ba sa, ba gona. 'Yan ɗakin muka yi karo-karo, ma'aikata ma suka sa hannu, ƙanena ya nuna musu shagon da ya samo nawa. Kafin kuɗin su haɗu an ci kwana uku. An sa mata sau biyu kacal. Daren da ta cika ina jin uwarta tana yi mata kalmar shahada a kunne, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ba na wuce kwana biyu ban tuna yarinyar nan ba. Cutarmu ɗaya, maganinmu ɗaya. Allah Ya jiƙanta, Ya raya abin da ta bari.

Na dawo gida ana saura kwana kaɗan a kama azumi. Jaririyata da na bari tana da mako biyu ta yi ɓul-ɓul, don abokiyar zamana tana goyon ɗanta na wata takwas, sai ta haɗa su ta shayar. Duk wanda ya ce kishiya ba ta zama 'yar'uwa, ya zo gidanmu.

Bayan Sallah, da na fara jin ƙarfi, na shiga ɗakin kajina in share, don tun tafiyata aka sayar da su. A saman taga na tarar da ragowar garin maganin da nake zuba musu a ruwa. Duk mai kiwo ya san shi. Ranar da ka kawo 'yan tsaki za a ce ka sa musu na kwana biyar, wai maganin gajiyar hanya, in sun yi farin kashi ka ƙara, in sun yi mura ka ƙara. Shekara da shekaru ina saye ban taɓa karanta bayan ledar ba. Ranar nan na juya ta. A cikin jerin abubuwan da aka haɗa, na biyu, an rubuta colistin sulphate.

Na zauna a bakin ƙofar ɗakin kajin, ledar a hannuna. Na tashi na ɗauko takardar asibiti na jera su, ina gwada harafi da harafi kamar 'yar aji ɗaya. Shi ne. Abin da ƙanena ya kewaye Kano yana nema, abin da ya raba Malam da sansa, abin da yarinyar nan ta mutu tana jira, ni da cokali nake auna shi in kaɗa wa kaji lafiyayyu, ragowar ruwan in watsar a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kashin kuma a kwashe a kai gona.

Na kira ƙanena ina kuka. Shi ne ya zauna ya bincika, ya zo ya warware min. A 2015 masana a ƙasar Sin suka gano wani abu a jikin ƙwayoyin cutar hanjin aladu, suka sa masa suna mcr-1. Shi ne ke sa ƙwaya ta bijire wa colistin, kuma yana tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, irin ba da irin nan da likita ta faɗa. Ba a daɗe ba aka riƙa ganinsa a ƙasashe da dama, a dabbobi da mutane. Sin ta hana zuba colistin a abincin dabbobi don ƙiba a 2017, Indiya ta hana ba dabbobin da ake ci a 2019. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2017 ta kasa waɗannan magunguna gida uku: na yau da kullum, na taka-tsantsan, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai an rasa yadda za a yi. Colistin yana cikin na ajiya. Mu kuwa a nan ga shi a rataye a shagon maganin dabbobi, ko yaro ka aika zai sayo.

Ya kuma karanto min wani babban bincike da ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna. Na yarda da wannan ba tare da gardama ba. A ƙauye ba ma kiransa da sunansa ne kawai. Cewa muke yi ciwon ya ƙi jin magani, ko jego ne ya zo da gardama, ko an yi wa mutum jifa. Mata nawa na sani da suka tafi a haka, aka ce kwana ne ya ƙare? Kwana ya ƙare, gaskiya ne, amma akwai sanadi, kuma wani sanadin da hannunmu muke gina shi.

Da na koma asibiti a duba ƙodata na tafi da ledar na nuna wa likitar. Ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Ki yi musu rigakafinsu a kan lokaci, ki tsaftace ruwa da shimfiɗa, kada ki cunkusa su. In sun yi ciwo ki kira malamin dabbobi ya gani." Haka nake yi yanzu. Zubin farko ba tare da garin nan ba na kawo hamsin, shida suka mutu, na sayar da arba'in da huɗu. Da can ma ina asarar kusan haka.

Da damina ta faɗi, Malam ya haɗa farin sansa da na wani amininsa, suka riƙa huɗa kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can. Shukarmu ta makara, gero bai yi kamar na bara ba, amma mun ci.

Gwangwanin madara kuwa na juye shi a leda na kai wa ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Mata ba su daina zuwa ba. Kwanan baya wata maƙwabciyata ta shigo da yamma da ɗanta a kafaɗa, ta ce, "Malama, taimaka min da ja da yalo ko biyu ne, tun safe yake gudawa." Na ce babu. Ta ce to in ba ta aron ɗari biyu ta aika kemis. Na shiga ɗaki na buɗe adaka na ɗauko takardar, na zaunar da ita a kan tabarma, na bi mata R ɗin nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, na ɗaga rigata na nuna mata tabon. Sannan na haɗa wa yaron ruwan gishiri da sukari, muka riƙa ba shi da cokali, na yafa mayafina na raka ta wurin ma'aikacin lafiya. Ya duba shi, ya ce ba ya bukatar kafso ko ɗaya, ya ba su zinc na kwana goma da ƙarin ruwan gishiri da sukari.

Ba ta ji daɗi ba. A hanyar dawowa ba ta ce min uffan ba, kwana biyu kuma ko leƙowa ba ta yi. A rana ta uku sai ga yaron ya shigo da gudunsa, riƙe da ƙullin daddawa a leda, ya ce in ji ummansa a ba Malama.